Gidan Ɗan Hausa: Tsohon Ginin Da Bai Zama Kango Ba

Duk wanda ya bi ta unguwar Nasarawa a Kano zai ga wani tsohon gidan ƙasa mai zankwaye tsakanin gine-ginen siminti. Shi ne Gidan Ɗan Hausa.

Gidan ya samo sunansa daga wani Bature, Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen. A nan Nasarawa ya buɗe makarantar gwamnati cikin 1909, inda aka koyar da karatu da Hausa, har da sana'o'in hannu. Daga baya gidan ya koma hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, aka adana kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya a cikinsa, ɗalibai da baƙi suna zuwa kallo.

Wannan zirga-zirga ita ce ta tsirar da shi. Ginin ƙasa ba ya jure kulle. In aka yi damina biyu ba a gyara indararo ba, ba a sake yaɓe ba, sai azara ta jiƙe, soro ya rufta. Ga shi kuwa maginan da suka san makuba da ɗaurin guga sai raguwa suke yi.

Ya kamata garuruwa irin su Potiskum, inda hedkwatar masarautar Fika ta koma tun 1924, su yi koyi. Maimakon a rushe tsohon gini, gara a damƙa shi ga masaƙa da dukawa da makaɗa. Wanda ke kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.