Ɓeran Amurka ya iso Gaya, ina Gizo ya maƙale?

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata na kai iyalina Gaya, gidan yayata, domin yara su san dangi. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe hanya tun daga gadar Wudil. A daren farko, bayan sallar isha'i, na tarar da yara wajen goma a zaure, sun haɗa kai a kan wayar hannu guda ɗaya da aka jingina da buta, kowa ya ƙudundune cikin zane ko rigar sanyi. Da na leƙa sai na ga wani ɓera mai faffaɗan kunnuwa yana kai da kawo a cikin dusar ƙanƙara, ga fitilu ja da kore sun kewaye gidansa. Babu ko ɗaya daga cikin yaran nan da ke jin Ingilishin da ake yi, amma babu wanda ya ɗaga kai ya dube ni.

Da aka gama, 'yar yayata mai shekara bakwai ta matso kusa da ni ta ce, "Kawu, tunda sanyi ya zo, yaushe za a yi mana ƙanƙarar a Gaya? Kuma sunana yana cikin littafin tsohon nan mai jar riga?" Na yi dariya na ba ta amsar da ta sawwaƙa, amma maganar gaskiya tambayar ta hana ni barci da wuri.

Fim ɗin da suke kallo sunansa Mickey's Twice Upon a Christmas, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a faifai a watan Nuwamban 2004. Wani yayansu ne ya karɓo shi a shagon masu turi, inda ake cajin waya kuma a zuba wa mutum finafinai a memori a kan 'yan canji kaɗan. Gajerun labarai biyar ne aka haɗa. A ɗaya daga ciki wasu 'yan agwagi uku marasa jin magana ne suka yi tattaki har gidan tsohon da ake kira Baban Kirsimeti, domin su saka sunayensu cikin jerin yaran kirki da za a ba kyauta. Nan ne 'yar tawa ta samo zancen littafi.

Shi wannan ɓera, Mickey Mouse, ya girmi kakannin yaran da ke zauren. A 1928 ya yi suna, a wani gajeren fim mai sauti da ake kira Steamboat Willie, kuma shekaru da dama da hannu ake zana shi, hoto bayan hoto, domin kowace daƙiƙa ta majigi tana cin hoto 24. Bayan Toy Story ya fito a 1995, wato dogon fim na farko da aka yi shi kacokan da kwamfuta, sai kamfanoni suka shiga fito da tsofaffin taurarinsu suna sake musu jiki. An yi wa Casper, fatalwar nan mai son mutane, fim ɗin Kirsimeti na kwamfuta a 2000. An yi wa Popeye, matuƙin jirgin ruwa mai cin alayyahu, nasa a 2004. A wannan shekarar ce kuma aka yi wa Mickey. Aikin ya sha bamban da na masu zane. Ana ƙera siffar tauraron sau ɗaya a cikin na'ura kamar yadda magini ke gina tukunya, a saka masa ƙashi da gaɓoɓi, daga nan sai a riƙa motsa shi yadda ake so, a haska shi, a juya shi ta kowane ɓangare. Har wata matsala mai ban dariya suka ci karo da ita: a zanen hannu kunnuwan Mickey kullum a zagaye suke fuskantar mai kallo, ko ina ya juya kansa, abin da ba ya yiwuwa ga kai mai gaba da baya. Dole ta sa aka yi musu dabarar da za su riƙa zamewa a kan ƙoƙon kansa, don kada yara su ce wannan ba ɓeransu ba ne.

To me ya sa ake wannan wahala a kan ɓera ɗan shekara saba'in da shida, kuma me ya sa sai a bikin Kirsimeti? Amsar tana kasuwa. Fim ɗin da aka ɗaure a jikin biki ba ya tsufa, domin bikin yana dawowa kowace shekara, kuma kowace shekara akwai sababbin yara da suka kai munzalin kallo. Uban da ya tashi da Mickey shi zai saya wa ɗansa ba tare da an roƙe shi ba. Tauraron katun kuwa ba ya furfura, ba ya neman ƙarin kuɗi, ba ya rigima da furodusa, ba ya yin aure ya bar sana'a ana tsakiyar ɗaukar shiri. 'Yan kasuwar fim na Kano, waɗanda suka san yadda fim ɗin soyayya ke mutuwa cikin 'yan watanni, ya kamata su fi kowa gane wannan lissafi. Ga shi fim ɗin 2004 yana tara yara a zauren Gaya bayan shekara ashirin.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce: a hana. Ni ban ga alamar hakan za ta yiwu ba, ko da ana so. Hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 an gina ta ne a zamanin kaset da faifai, lokacin da kaya ke da shago da rumbu. Abin da ke yawo a memori mai girman farce, daga waya zuwa waya, wa zai tsare masa hanya? Sannan ina ganin kuskure ne a ɗauki lamarin a matsayin yaƙin addini. A cikin irin waɗannan finafinai da ƙyar ka ji an ambaci Annabi Isa (AS) ko wurin ibada. Kirsimetin da ke ciki ba irin wanda maƙwabtanmu Kirista ke yi a Sabon Gari ba ne, da shinkafa da kaji da ziyarar 'yan uwa. Kirsimetin kantunan Amurka ne, na kwalaye da ƙyalle-ƙyalle da sayayya. Hausawan da ke bin addinin Kirista ma baƙi ne a cikinsa kamar mu. Abin da ya dame ni daban ne. Yarinyar nan ta ga bikin wasu an ƙawata shi, an ba shi labari da dariya da kiɗa, har ta san ƙa'idojinsa; nata bikin kuwa, wanda take ɗinkin sabon kaya dominsa, take ƙunshi da kitso, take yawon karɓar barka da Sallah, ba ta taɓa ganin sa a wannan madubi ba. Yaro kuwa abin da ya gani a allo shi yake ɗauka abin da ya isa a nuna.

Wasu ƙasashen Musulmi sun ga wannan giɓi tuntuni, kuma ba su tsaya ga kuka ba. A Masar an fara nuna Bakkar a 1998, labarin wani yaro Banube daga kudancin ƙasar, har ya zama abin da iyalai ke jira a duk watan azumi. A Dubai, Mohammed Saeed Harib ya fito da Freej a azumin 2006, shirin kwamfuta a kan wasu tsofaffin mata huɗu da ke zaune a tsohuwar unguwa, birni yana ta haɗiye su. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Malesiya. A 2007 wani ƙaramin kamfani mai suna Les' Copaque ya fitar da Upin & Ipin, kashi shida kacal, kowanne kamar minti biyar. Labarin wasu tagwaye ne marayu 'yan shekara biyar da ke zaune a ƙauye tare da yayarsu da kakarsu, suna koyon azumin farko: ƙyuyar tashi sahur, ƙorafin yunwa da rana, ɗokin ranar idi. Daga wannan ɗan somin-taɓi shirin ya bazu har Indunusiya ya zama babbar sana'a. Na san akwai maganar hukuncin zana abu mai rai, kuma wannan fage ne na malamai, ba ni da ta cewa a cikinsa. Abin da kawai zan iya nunawa shi ne waɗannan ƙasashe ma suna da malamai.

Mu a nan ba tauraro muka rasa ba. Kwana biyu bayan wancan dare na wuce Ajingi gaishe da gwaggona, wadda a ɗakinta muka sha tatsuniya muna yara. Na tarar jikokinta suna kallon Tom and Jerry, muzuru da ɓeran nan da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro tun 1940. Ta daɗe tana kallo ta gefen ido, can sai ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ɓeran ai Gizo ne, fata kawai ya sake." Ban taɓa jin sharhin fim da ya kai wannan ba. Ƙaramin da ke kayar da babba da wayo, mai kwaɗayi, mai ƙarya, wanda kan faɗa ramin da ya haƙa kuma ya fito gobe ya sake: wannan shi ne Gizo na Ƙoƙi, mai tsamin baki, abokin gabar kura. Ga Botorami, ga Dodo, ga dila malamin daji. Ba kuma a baki kaɗai suke ba. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyinmu tsakanin 1911 da 1913, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a littafi shida a farkon shekarun 1970. Mun ba hanyar sadarwar zamani sunan yanar gizo, amma mai yanar ne ya fi kowa ƙarancin gani a cikinta.

Bikin ma muna da shi, har da wasan kwaikwayonsa. Daga goma ga azumi yara kan fita tashe gida-gida, da gemun auduga da cikin tsumma, suna kwaikwayon malami da tsoho da gwauro, ana ba su hatsi ko kuɗi. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da tashe a Kano saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi, don haka akwai yaran da suka tashi ba su taɓa yi ba. Ga daren duban wata, ga tuwon Sallah, ga hawan sarki a Gaya da dawakai da 'yan bindiga, ga ragon layya da yaro ke shaƙuwa da shi har ya yi kuka ranar yanka. Mai karatu ya ƙaddara Gizo ya ɗauki azumi don a ce ya yi, yana laɓewa bayan rumbu da ƙwaryar fura. Ko ya aro babbar riga don hawan Sallah, mai ita ya tsare shi a filin idi. Wane yaro ne daga Kademi zuwa Toranke zai ɗaga kai daga wannan?

Uzurin tsadar kayan aiki ma ya ragu ƙwarai. Manhajar Blender kyauta ce ga duk mai kwamfuta, kuma da ita wani matashi ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, ya yi fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa, ya ci kyautar Oscar a 2025 a gaban manyan kamfanonin Amurka. A gida ma Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja tun wajen 2010. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana Wudil, tafiyar ɗan lokaci daga Gaya, tana yaye masana kwamfuta. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsuna da adabin baka. Abin da ba a samu ba shi ne mai kuɗin da zai haɗa waɗannan biyu a ɗaki ɗaya, da wutar sola, ya yi haƙurin shekara biyu kafin ya ga riba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu, kuma daga Gaya Abagayawa suka taso suka zauna a gindin Dala don neman tama. Garin da ya yi suna da ƙera kayan aiki yau jikokinsa na sayen labarin wasu a shagon caji.

Sai dai ina da tsoro guda, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya kalli Mickey na 1928 zai ga ɗan ƙiriniya ne, mai jan wutsiyar kyanwa, mai mai da dabbobi kayan kiɗa. Da ya zama tambarin kamfani sai aka yi ta goge shi, aka miƙa rashin jin ga Donald Duck, har ya koma wani salihin bawa mai murmushi kullum. Na 2004 da yaran Gaya ke kallo sumul yake kamar roba, kuma na lura 'yan agwagin nan marasa kunya ne suka fi ba su dariya, ba shi ba. Na san halinmu. Ranar da aka ce za a yi fim ɗin Gizo na Sallah, kwamiti za a kafa, a gyara masa tsamin bakinsa, a hana shi sata, a sa ya riƙa tsayawa kowane minti uku yana yi wa yara nasiha a kan tsafta da biyayya. In aka yi haka an kashe shi, yara kuma za su koma wa ɓeransu cikin mako guda. Gwaggo ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar tatsuniya ta ce mana kwaɗayi ba kyau ba. Barin mu take mu ga yadda kura ta yi da mai kwaɗayin, mu kwanta muna ƙyalƙyala dariya.

A daren da zan bar Ajingi cajin wayar ya ƙare, yara suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Na roƙi Gwaggo ta yi mana ko da guda ɗaya. Ta ce ita ta manta, kuma yaran yanzu ba su san amsawa ba. Da na matsa, ta gyara zama kusa da kaskon wuta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Aka yi shiru. Ni kaɗai na amsa, da furfurata, yaran suna dubana. Ta kai wajen da Gizo ya shiga rumbun sarki ke nan sai ga babban jikanta ya dawo daga shagon caji da wayar a hannu. Biyu suka tashi suka bi shi zaure. Sauran suka ce wa Gwaggo ta ci gaba.