Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa wutar lantarki, wadda ake gargaɗin kowa kada ya haɗa ta da ruwa, tana daga cikin abubuwan da masana ke tsarkake ƙazamin ruwa da su? Tun a shekarar 1889 wani Bature mai suna William Webster ya jarraba wannan hikima a kan ruwan najasar birnin Landan, a 1909 kuma aka yi rajistar irinta a Amurka.

Yadda al'amarin yake shi ne, idan aka tsoma faranta biyu na baƙin ƙarfe ko na alminiyam cikin ruwan, aka saki wuta a tsakaninsu, sai ɗayan ya riƙa narkewa sannu a hankali, abin da ya narke kuwa ya kama dauɗar da ke yawo, ko rini ce ko maiƙo ko dafin ma'adinai irin wanda ke fita daga masana'antun jima, ya dunƙule ta kamar yadda alimun ke kwantar da laka a randa; alhali a jikin ɗaya farantin ƙananan kumfa na iskar haidurojin suna ta tasowa, suna ɗago wani sashen ƙazantar zuwa sama, inda za a yaɗe shi.

Tsadar wuta ce ta sa aka jingine dabarar shekaru da dama, kuma har yanzu farantan kan cinye, dole a riƙa sabunta su.