Alhakin Shugaba Bayan Karon Jiragen Ruwan Yaƙi

Gabatarwa

A al'adar sojan ruwa, kyaftin shi ke ɗauke da alhakin duk abin da ya auku a cikin jirginsa, ko yana farke ko yana barci. Dalili kuwa shi ne, idan jirgi ya yi nisa cikin teku babu wanda ke bisa kyaftin, saboda haka wanda aka ba cikakken iko dole ya ɗauki cikakken alhaki. Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda wannan ƙa'ida ta yi aiki a kan haɗura biyu da suka sami jiragen yaƙin Amurka a 2017, a kuma ga inda ta gaza.

Yadda abin ya faru

Ranar 17 ga Yuni 2017, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, jirgin yaƙi Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya ACX Crystal a gaɓar Japan. Ruwa ya kwarara cikin ɗakin kwanan sojoji, mutum 7 suka halaka. Kyaftin ɗin jirgin, Kwamanda Bryce Benson, yana barci a ɗakinsa, shi ma ya ji mummunan rauni. Hafsan da ke kan aiki a daren ba su tashe shi ba, alhali kuwa umurninsa a rubuce ya ce a kira shi duk lokacin da wani jirgi ya matso kusa.

Bayan wata biyu, ranar 21 ga Agusta, jirgin John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai Alnic MC kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu. A nan kyaftin, Kwamanda Alfredo Sanchez, yana tsaye a ɗakin tuƙi. Ya ga matuƙin yana fama, sai ya ce a raba aikin gida biyu: mutum ɗaya ya riƙe sitiyari, wani ya kula da gudun injuna. Wajen sauya aikin a kan allon kwamfuta sai aka yi kuskure, tuƙin ya koma wani tebur ba da sanin kowa ba, injin hagu kuma ya rage gudu shi kaɗai. Jirgin ya karkata hagu, ya shiga gaban jirgin man.

Tushen haɗarin

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Da aka bincika sai aka tarar laifin ya wuce ɗakin tuƙi. Tun a 2003 rundunar ta soke kwas ɗin da sababbin hafsoshi kan yi a makaranta kafin su hau jirgi, aka ba su fayafayen kwamfuta su koya da kansu. A 2015 ofishin da ke bincikar ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokokin Amurka ya yi gargaɗi cewa jiragen da ke zaune a Japan ba su da lokacin da aka keɓe musu don horo. Zuwa Yuni 2017, kashi 37 cikin 100 na takardun shaidar ƙwarewa na ma'aikatan manyan jiragen yaƙin da ke can sun riga sun ƙare wa'adi. Wasu sojoji suna aikin sama da awa 100 a mako. Bugu da ƙari, cikin masu tuƙin McCain har da waɗanda aka aro daga wani jirgi, ba su kuwa san na'urar sosai ba.

Watau manyan da ke ofis sun ci gaba da tura jirage aiki, suna sa hannu a takardun sassauta ƙa'ida, domin aikin ya yi yawa, jiragen sun yi kaɗan.

Hukuncin da aka yi

An tuɓe kyaftin-kyaftin ɗin biyu da mataimakansu. Ranar 23 ga Agusta 2017 aka sauke shugaban Runduna ta Bakwai, Joseph Aucoin, wanda daga baya ya rubuta cewa ya sha sanar da na sama da shi ƙarancin ma'aikata. Sanchez ya amsa laifin sakaci da aiki a kotun soja a 2018, aka ba shi takardar tsawatarwa da tarar dala 6,000.

Shari'ar Benson ita ce ta fi koyar da darasi. Da farko an tuhume shi da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka janye wannan tuhuma a 2018. Sa'an nan alƙalin soja ya ga cewa maganganun da babban hafsan rundunar, John Richardson, ya yi ta yi a bainar jama'a, yana ɗora wa kyaftin laifi tun ba a yi shari'a ba, suna iya karkata hukunci. A Afrilu 2019 aka janye sauran tuhumar, aka tsaya ga takardar zargi. Iyalan mamatan ba su sami shari'ar da za ta bayyana musu gaskiya ba, wanda ake tuhuma kuma bai sami filin wanke kansa ba.

Irin wannan ta taɓa faruwa a Ostareliya. A 1969 jirginsu Melbourne ya raba jirgin Amurka Frank E. Evans gida biyu, mutum 74 suka mutu. An gurfanar da kyaftin ɗin Melbourne, John Stevenson, kotu ta wanke shi, amma duk da haka aikinsa ya lalace har ya yi murabus. Sai a 2012 gwamnati ta nemi gafararsa, bayan shekara 43.

Kammalawa

Abubuwa uku ne ma'aikaci zai iya ɗauka daga nan. Na farko, alhaki ba ya rabuwa da iko: wanda ya karɓi kujera ya karɓi amsa tambaya a kan abin da na ƙasa da shi suka yi, kuma barci ba hanzari ba ne. Na biyu, alhaki yana hawa sama har ya kai ga wanda ya rage horo, da wanda ya ga gargaɗi a fayil ya ajiye. Idan aka hukunta na ƙasa kaɗai, tushen ɓarnar yana nan, kamar yadda haɗari na biyu ya biyo na farko cikin mako 9. Na uku, shugaban da ya yi gaggawar nuna mai laifi don jama'a su huce, yana iya rusa shari'ar da kansa.

Daga baya rundunar ta ƙara tsawon horon hafsoshi, ta tsara lokutan aiki yadda sojoji za su sami barci, a 2019 kuma ta yanke shawarar mayar da abin sarrafa gudun inji na hannu a maimakon allon kwamfuta. Gyara ne mai kyau, sai dai yawancin abin da aka gyara an san da shi a rubuce tun kafin mutum 17 su rasa rayukansu.