Kare a Samaru: Sunansa a Bakin Kowa, Kabarinsa Babu

Bazazzagin da tafiya ta kai shi Landan, idan ya bi ta gefen lambun Hyde Park wajen ƙofar Victoria, zai hango wasu ƙananan duwatsu a jere a bayan shinge. Kaburbura ne, kuma yawancinsu na karnuka. An fara binne su a wurin a 1881 da wani kare mai suna Cherry, kafin a rufe maƙabartar a 1903 an kai kabari kusan 300. Faransa ma ta buɗe tata a Asnières, kusa da Paris, a 1899, inda aka binne Rin Tin Tin, karen da ya yi suna a finafinan Amurka.

A Samaru ko Sabon Gari, wanda ya kawo wannan labari majalisa sai an ce abin mamaki, kare da tallan tsire. A nan in kare ya mutu, yara ne ke ɗaura masa igiya su ja shi zuwa kwazazzabo, mai kirki kuma ya haƙa rami a bayan gida.

Amma fa kare bai taɓa barin bakin Bahaushe ba. In aka ga take-taken mutum, sai a ce in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Mai wannan magana ya san dabbarsa, domin kare da hanci yake karanta duniya. Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancinsa kan kai miliyan 300 a wasu nau'o'in, na mutum kuwa ba su wuce miliyan 6 ba. Da wannan hancin yake tayar wa mafarauta zomo a dazukan gefen Kubanni da Shika idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe. Su ne suka fi kowa sanin cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, don kare da ya haura shekara goma gudu ya ƙare masa.

Karya kan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka. Kwikwiyo kan zo ido a rufe, sai bayan kwana goma zuwa sati biyu ya buɗe. In ya girma haƙoransa 42 ne, kuma wannan zaro harshe da yake yi a zafin watan Afrilu ba kwaɗayi ba ne, hanyarsa ce ta shan iska, tunda ba ya gumi kamar mutum.

A Sabon Gari, unguwar da ta taso tare da zuwan jirgin ƙasa, kare ɗan gida ne. Yana gadin garejin makanikai, yana kwana a baranda, sau da yawa sunansa Bingo. A gidajen Hausawa kuwa iyakarsa ƙofar gida, kuma ƙwaryar da ya sa wa baki sai an wanke ta sau bakwai. Duk da haka malaman da ke koyar da wannan hukunci su ne ke ba da labarin karen Ashabul Kahfi, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Tsoron da ake yi masa ma yana da tushe. Ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Shi ya sa likitoci ke cewa a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya.

A nan ne Samaru ta yi wa kare abin da ya fi dutsen kabari amfani. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa. Can ake kai karen malami da na mafarauci, a ɗora su a kan tebur guda, a yi musu allurar rigakafi, ɗalibi na riƙe da wuya, mai kare na tsaye yana kiran sunansa.