Idan Tsoho Ya Yi Faɗa, Me Za Ka Faɗa Wa Zuciyarka?

A Illela, kan iyakarmu da Birnin Konni, magidanci kan wuni a kasuwar Lahadi, ya dawo ya tarar da mahaifinsa ya ƙi tuwo, yana zargin an sace masa kuɗi. Irinsu kan tare mu bayan sallar Isha'i: "Malam, na ƙosa. Shin na saɓa wa iyaye?"

Amsarmu ita ce, ƙosawar zuci ba zunubi ba ce; furta ta Suratul Isra'i, aya ta 23, ta hana. Tsakanin jin zafi da buɗe baki akwai ɗan lokaci, a nan ake yi wa zuciya nasiha.

Ka ce: "Ba ƙina yake yi ba, gigin tsufa ne." Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci shekarun da sani ke kuɓuce wa mutum. Ka ce: "Kyautata masa aka ɗora mini, ba canza halinsa ba." Ka ce: "Na gaji, kuma neman ƙanena ya karɓe ni kwana biyu ba butulci ba ne."

Sannan ka yi alwala, ka koma masa da fura. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.