Filin Damben Bukom: Gidan Da Aka Gina Wa Jarumai

Duk wanda ya zauna a birnin Akra ya san cewa in ana maganar damben boksin, to, sunan unguwar Bukom ne kan fara zuwa baki. Unguwa ce ta masunta 'yan ƙabilar Ga da ke gaɓar teku, ga cunkoso ga talauci, amma kuma da wuya a sami wata unguwa a Afirka da ta kai ta fitar da zakarun dambe. Tun kafin zuwan damben Turawa, mutanen Ga suna da nasu na gargajiya da suke kira asafo atwele, kamar dai yadda mu ma muka gaji namu damben na Hausa wanda mahauta suka fi shahara da shi. Shi ya sa da boksin ya zo bai zama baƙo a wurinsu ba.

Mai karatu zai tuna cewa Roy Ankrah ya ci kambin Daular Ingila a 1951, D.K. Poison kuma ya zama ɗan Gana na farko da ya riƙe kambin duniya a 1975. Daga nan sai Azumah Nelson a 1984, da Ike Quartey a 1994, da Joshua Clottey a 2008. Abin mamaki shi ne duk tsawon waɗannan shekaru ƙasar ba ta da wani fili da aka gina musamman domin dambe. In babban wasa ya taso sai a ari filin ƙwallo na Akra, yara kuwa suna koyo a rumfunan kwano da bakin titi.

Wannan giɓi ne aka cike a watan Nuwamba na 2016, lokacin da Shugaba John Mahama ya buɗe Filin Damben Bukom. Hukumar fansho ta SSNIT ce ta zuba kuɗin ginin, watau dai gumin ma'aikata ne aka gina shi da shi. Filin buɗaɗɗe ne ba rufi, yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 4,000, kuma a harabarsa akwai wurin ninkaya da zauren wasanni da ɗakin motsa jiki. Ban da dambe, akan ba da shi haya ga mawaƙa da masu taro.

Ba a daɗe ba filin ya fara kafa tarihi. A watan Oktoba na 2017 Bastie Samir ya doke Bukom Banku a turmi na 7, a gaban mutanen unguwarsa, alhali kuwa kafin ranar ba a taɓa cin Banku ba. A Janairun 2018 Isaac Dogboe ya gama da Cesar Juarez na Meziko a turmi na 5, nasarar da ta share masa hanyar cin kambin duniya a wannan shekara. Haka kuma a nan aka yi damben Wasannin Afirka a watan Maris na 2024, inda 'yan Gana suka kwashi lambobin zinariya 4.

To, amma ba kullum ake kwana a gado ba. A ƙarshen Maris na 2025 wani ɗan damben Nijeriya, Segun Olanrewaju, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a filin, aka garzaya da shi asibitin Korle Bu, amma rai ya yi halinsa. A watan Satumba kuma Ernest Akushey ya rasu 'yan kwanaki bayan ya sha kashi a wani wasa a wannan fili. Wannan ya sa Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta dakatar da dambe na wani lokaci a ƙasar baki ɗaya domin a sake duba dokokin lafiya.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Daga Sabon Zango zuwa wannan fili ba wata tafiya ba ce, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa rashin aikin yi yana sa samarinmu na Nima da Mamobi da sauran zanguna suna kallon dambe a matsayin hanyar fita daga talauci. Ba mu ce a hana su ba, domin sana'a ce da ta ɗaga sunan ƙasar nan. Abin da muke kira gare shi shi ne iyaye da sarakunan zango su sa ido. Kada a bar yaro ya hau dandamali sai likita ya gwada shi, sai an tabbata akwai motar asibiti a wurin, sai kuma an san abin da aka rubuta a takardar da zai sa wa hannu. Wanda aka buge har ya suma kuwa, a tilasta masa ya huta, kome yawan kuɗin da aka yi masa tayi, domin dukan kai ba ya nuna ɓarnarsa nan take.

An gina wa dambe gida, saura a kula da ran masu shiga cikinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma kare mana 'ya'yanmu, amin.