Ko Kun Sani? Tsofaffin Amurka Ba Su Cika Barin Gidajensu Ba

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar Ba'amurke ya yi ritaya sai ya sayar da ƙaton gidansa, ya nemi ɗan madaidaici a inda ba a tsananin sanyi. Akwai masu yin hakan. A ranar 1 ga Janairun 1960 kamfanin Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona domin 'yan fansho kawai, kuma kimanin mutum 100,000 ne suka yi tururuwa zuwa kallon gidajen a kwanaki ukun farko.

Sai dai masu ƙaurar tsiraru ne. Alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka sun nuna 'yan shekara 65 zuwa sama su ne mafi ƙarancin sauya gida. A binciken ƙungiyar AARP na 2021, kashi 77 cikin 100 na 'yan shekara 50 zuwa sama sun ce sun fi son su tsufa a gidan da suke.

Ko waɗanda suka tashi ma, ba duka ne ke rage gida ba. Binciken Merrill Lynch da Age Wave na 2015 ya gano kusan rabinsu ne kawai suka koma ƙaramin gida, kashi 30 kuwa wanda ya fi na da girma suka nema. Babban dalilin masu neman babban gidan shi ne a samu ɗakin saukar 'ya'ya da jikoki idan sun zo ziyara.